Manomin Citta da Lambar 'Yarsa

Akwai wani mutum manomin citta a wani ƙauye na bayan dutse, yana da 'ya guda ɗaya, sunanta Keziya. Shi bai taɓa shiga aji ba, in an ce ya sa hannu a takarda sai ya dangwala yatsa. Matarsa ta yi shekara biyu a kwance da gyambo a ƙafa kafin Ubangiji ya kira ta, Keziya ce kuwa take wanke gyambon safe da yamma, yadda wata nas ta nuna mata a asibitin gari. Tun daga lokacin yarinyar ta ƙudura a ranta cewa aikin jinya za ta karanta, a jami'a kuma, har ta fito da digiri.

Amma masu neman wannan karatu suna da yawa ƙwarai, guraben kuwa kaɗan ne. A shekarar farko ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, makinta bai kai ba. A ta biyu makin ya kai, sai aka ce sakamakonta na sakandare ya gaza a darasi ɗaya. Ta koma ta zauna a benci ɗaya da yaran da ta girme su, ta sake rubutawa. A shekara ta uku aka ba ta gurbi, amma a fannin kiwon kifi, wanda ba ta nema ba. Ta ƙi karɓa. Dangi suka yi ta zuwa gidan suna cewa, "Baban Keziya, ka yi mata magana mana. Da babu ai gara ba daɗi." Shi dai sai ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gona. A ta huɗu, maki biyu kacal suka hana ta.

Da shekara ta biyar ta zo, Keziya ta sake rubutawa, ta je jami'ar aka tantance takardunta, ta dawo ta zauna jira. A lokacin sa'o'inta sun yi nisa, waɗansu har sun gama karatu sun kama aiki. Sa'ad da jerin sunaye ya fito, ta tafi gari wurin wani mai shagon kwamfuta da ake kira Malam Tanimu, gama ƙauyensu ba a samun sabis. Ya duba mata, babu sunanta.

Uban yana ƙofar gida yana wasa fartanya sa'ad da ta dawo. Tun daga tafiyarta ya gane. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta tattara littattafanta a buhun taki, ta ɗaure bakinsa, ta tura ƙarƙashin gado. Sa'an nan ta fito da wata 'yar takarda da ta rubuta lambarta ta jarrabawa da lambar sirrin buɗe shafinta, ta ajiye a gabansa.

Ta ce, "Baba, ga ta, a hura wuta da ita. Na gaji. Kada kowa ya ƙara yi mini maganar jami'a a gidan nan."

Ya ce, "To, na ji."

Bai hura wuta da ita ba. Ya ninke ta ya sa a cikin hularsa.

Ran Alhamis, ranar kasuwa, ya hau tsohon kekensa ya tafi gari. Hanyar tana da nisa, akwai kuma wani dogon tudu da dole a sauka a tura keken, shi kuwa gwiwoyinsa sun daɗe suna damunsa. Ya shiga shagon ya cire hula, ya miƙa takardar.

Malam Tanimu ya duba ya ce, "Baba, babu. Wani lokaci akan fitar da jeri na biyu, amma a fannin jinya da wuya, sai in wani ya bar gurbinsa. Wa zai bar wannan gurbi?"

Tsohon ya yi godiya, ya mayar da takardar cikin hula, ya koma gida. Alhamis ta gaba ya dawo. Ta gaba ma haka. Kaka ce, citta tana jiran a tone ta a yayyanka a shanya, hannu kuwa biyu ne kawai a gidan ban da nasa. Kowace Alhamis da ya ɓata a hanya, sai ya rama ta da aikin rana tsaka. Keziya tana tsammani kasuwa yake zuwa. Tana yanka citta a tsakar gida, ba ta waƙa kamar dā, ta kuma daina zuwa ƙungiyar mawaƙa a majami'a. In ya kalle ta sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji.

A mako na biyar gwiwarsa ta kumbura. Ya tsaya a gindin tudun nan ya jingina keken da itace, ya zauna a ƙasa, ya daɗe bai tashi ba. Ya ce, "Ya Ubangiji, ni ma na gaji. Ban san abin da nake nema a hanyar nan ba." Ba a amsa masa da kome ba. Da ƙafar ta ɗan lafa ya tashi ya tura keken. A shagon barci ya kwashe shi a kan benci yana jiran layi, sai da aka taɓa shi aka ce, "Baba, yau ma babu."

A mako na bakwai ya miƙa takardar kamar kullum, har ya fara gyara hularsa don tafiya. Sai ya ga Malam Tanimu ya matso da fuskarsa kusa da kwamfutar.

"Baba, zauna. An ba ta. Ga sunanta nan, digiri a aikin jinya."

Tsohon ya dubi gilashin. Bai ga kome ba sai ƙananan baƙaƙe da bai san su ba. Ya ce, "Karanta mini sunan." Aka karanta masa, da nata da nasa. Ya ce, "Sake." Aka sake.

Malam Tanimu ya ce, "Amma akwai magana. Dole a amsa cewa an karɓa, jami'ar kuwa ta ce kwana huɗu suka rage, in ba a amsa ba za su ba wani. Ga wurin nan, dannawa ɗaya ce. In danna mata?"

Tsohon ya daɗe yana kallon yatsan mutumin. Ya tuna da tudun, ya tuna da gwiwarsa. Da dannawa ɗaya an gama. Amma ya girgiza kai.

"A'a. Ba ni aka kira ba. Ita za ta yi shekara biyar a can, ita za ta amsa."

"Baba, in ta ƙi zuwa fa? Wahalarka duka ta tafi a banza ke nan."

Ya ce, "In ta ƙi, ta ƙi da bakinta."

Ya iske ta tana kwashe shanya. Ya gaya mata duka, har da zuwan da yake yi kowace Alhamis. Ya zaci za ta yi tsalle. Sai kawai ta zauna a kan buhu, ta sa kanta a gwiwa.

Can ta ce, "Baba, me ya sa ba ka ƙona ta ba? Na riga na binne abin nan, har na fara samun barci. Yanzu in na je na kāsa fa? Ba ni da sauran ƙarfin da zan sake faɗuwa."

Bai yi mata wa'azi ba, bai kuma ambaci gwiwarsa ba. Ya ce, "Ba zan tilasta miki ba, 'yata. Gobe da safe zan fito da keke in tsaya a ƙofar gida. In kin fito, mu tafi."

Kashegari ya fito da keken ya tsaya. Mata suka wuce zuwa rafi suka dawo, yana nan tsaye. Rana ta ɗaga, ƙofar ɗakinta a rufe. Ya mayar da keken, ya tafi gona. Washegari ya sake fitowa. Ya tsaya har ƙafar ta fara rawa, ya zauna a kan dakali yana riƙe da keken da hannu ɗaya. Sai ya ji ƙarar ƙofa. Keziya ta fito, idanunta a kumbure, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa sujada.

Ya goya ta a keken har gindin tudu, a nan ƙafarsa ta ƙi. Sai ta karɓi keken ta tura, shi kuma ya dafa kafaɗarta, suka hau a hankali, suna tsayawa suna hutawa. A shagon Malam Tanimu ya juya mata kwamfutar. Ta danna da kanta. Da ta waiwaya don ta nuna wa ubanta, ta tarar ya jingina da bango, hawaye yana bin gemunsa, barci kuwa ya riga ya ɗauke shi.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Keziya mu ne, duk wanda ya roƙa ya sake roƙo har bakinsa ya mutu. Na san akwai irinta a zaune a nan yau. Wani aiki yake nema, wata haihuwa, wani kuwa ya faɗi cikin zunubi ɗaya sau da yawa har yana jin kunyar sake tuba. Kun ce wa Allah a zuciyarku, "A hura wuta da ita." Gajiya ba zunubi ba ce, Ubangiji ma ya san mu ƙura ne.

Manomin nan yana nuna mana kaɗan daga halin Ubanmu na sama. Kaɗan na ce, domin shi tsohon ya gaji a hanya, Allah kuwa ba ya gajiya. Ranar da ka daina addu'a, shi bai yar da sunanka ba. Yana riƙe da shi, yana aiki a kansa a ranakun da kake tsammani ya tafi wata sabga.

Ba na ce muku kowa zai sami abin da ya nema a nan duniya ba. Akwai waɗanda suka rubuta sau shida ba su samu ba, Allah kuma bai ƙi su ba. Gurbin da nake magana a kai ya fi na jami'a. Wuri ne a gidan Uba, Yesu Almasihu ne ya sha wahalar hanya ya samo mana shi, da sunan kowannenmu a rubuce.

Amma ku lura da abin da tsohon ya ƙi yi. Bai amsa a madadin 'yarsa ba. Haka Allah yake. Iyayenka ba za su amsa maka ba, fasto ma ba zai iya ba. Kwanakin amsawa kuwa ƙidayayyu ne, ba mu san nawa suka rage ba.

Ba a ce sai ka warke daga gajiyarka za ka zo ba. Ka zo da ita, da kumburarrun idanunka, da tsoronka na sake faɗuwa. Yana tsaye a ƙofa tun safe. Tashi ka buɗe.