Akuyar da Ba Ta Kiran Sunan Ɗanta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna ji.

Akuya ce da ɗanta na fari, Jatau. Kun san kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zama da shi su yi magana. Da ƙaho ya fito masa, sai ya shiga bin 'ya'yan Kura rafi, suna ba shi wani ganye mai sa maye.

Tunkiya ta ce, "Maƙwabciya, ki ja wa yaron nan kunne."

Akuya ta sunkuyar da kai. "A ce ba ni da kunya? Ke ki gaya masa."

Tunkiya ta gaya masa. Jatau ya ce, "Gwaggo, Inna tana gani kullum, ba ta taɓa hana ni ba."

Ran nan da hantsi Akuya ta hango shi yana tangaɗi a bakin rafi, Kura na laɓaɓowa ta bayansa. Ta ɗaga murya, "Kai yaron nan, gudu!" Duk yaran wurin suka waiga, ban da shi.

Da aka kawo mata ƙahonsa, ta rungume tana ta kiran, "Jatau, Jatau."

Masu gaisuwa suka kalli juna. "Ji marar kunya."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Da ma ƙarya na yi muku.