Baƙuwar da Ta Tsare Gidan Wilfrido

Akwai wani maƙwabcina magini, sunansa Wilfrido Anchundia. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma labarinsa ya kamata ku ji.

A Loma Brava muke zaune, kan tudun da ke bayan birnin Guayaquil, inda kwalta ta ƙare. Mu muka sare dajin da hannunmu, muka kafa gidajen gora, muka rufa kwano. Da birni ya girma ya iso inda muke, sai hukuma ta ce filin ba namu ba ne. Aka fara rusau.

'Yan rusau suna da yadda suke aikinsu. In suka tarar da mutum a cikin gida, murhu yana hayaƙi, sukan tsallake, saboda fitar da mutum sai an je kotu. In suka tarar da gida a kulle, sai su ce kango ne, katafila ta bi ta kansa. Kuma ba sa faɗin ranar da za su zo.

Shi ya sa muka ɓullo da zaman gida. In za ka asibiti ko kasuwa, wani zai zauna maka, ya hura wuta, ya buɗe ƙofa, har ka dawo. Doña Eufemia, mai sayar da miyar kifi, ita ke raba wa kowa gidan da zai zauna.

Kowa ya shiga, ban da Wilfrido. Gidansa ne kaɗai na bulo a layinmu, kuma ba ya bari a manta.

"Ni zan zauna gadin gora?" in ji shi. "Gidajenku ai ba sai an wahalar da katafila ba, iska ma ta isa."

"Kompadre, katafila ba ta san bulo ba," in ji Eufemia. Kompadre a yarenmu kamar a ce aboki ne.

"Ba ta taɓa gamuwa da bulon da na buga ba ne."

Haka yake faɗi da baki. Amma shi ma ko tashar mota bai ƙara zuwa ba. Ya daina karɓar aikin nesa, ya zauna yana tsaron gidansa shi kaɗai.

Matarsa Zoila ba ta nan. Ciwon ƙirji ya kama ta, ƙanwarta ta zo ta tafi da ita ƙauyensu a lardin Manabí kafin damina. Wilfrido ya ce mata zai biyo ta mako mai zuwa. Damina ta zo ta wuce, bai je ba.

Kullum da la'asar yakan zauna a bakin ƙofa ya kira ta. Bangona na gora ne, ko ban so ba ina ji.

"Tsoho, ka ba lemona ruwa?"

"Na ba shi."

"Ƙarya kake, na san muryarka. Tashi ka ba shi ina ji."

Sai ya tashi ya zuba ruwan, ya kara wayar kusa da gindin bishiyar don ta ji. Daga nan sai ta tambaye shi yaushe zai zo. Shi kuma ya ce, "Da zarar sun daina, Zoilita." In ta kashe wayar, yakan daɗe yana riƙe da ita a kunne.

Kowace safiya yakan wanke rigunanta, waɗanda ba wanda ya sa, ya shanya a igiya. Ya ce mini wai don 'yan rusau su ga akwai mace a gidan.

Ana cikin haka muka yi baƙi daga ƙasashen waje. Ba manyan mutane ba ne. Talakawa ne irinmu da aka taɓa rushe wa gidaje, mutanen unguwanninsu suka yi karo-karo suka turo su su tsaya tare da mu. Akwai wani ɗan Brazil, Valdir. Akwai kuma wata mata daga Haiti, Rosemène Dorvil, gajera, furfura ta fara fito mata, gawayi take sayarwa a garinsu. Tana jin yarenmu amma a karye, a kasuwar kan iyakar ƙasarsu da wasu masu irin yarenmu ta koya. A gidajenmu suka kwana, daga tukunyar Eufemia suka ci.

Ranar da aka taru don jin ta bakinsu, Rosemène tana cikin magana Wilfrido ya katse ta.

"Kun gama ɗaukar hotunan? Baiwar Allah, ke ina naki gidan?"

"An rushe," in ji ta.

"To! Wadda ta kasa tsare nata, ita ce ta tsallako teku za ta koya mana tsare namu?"

Rosemène ta dube shi, ta ce, "Gaskiya ne. Ban tsare ba." Ta koma ta zauna.

Eufemia ta ce, "Kompadre, wannan bakin naka ya fi katafila ɓarna."

Ya kaɗa kai ya tafi gidansa.

Ranar da baƙin za su koma, da sassafe labari ya hau tudu cewa an ga katafiloli a gidan man da ke ƙasa. Kowa ya shige gidansa ya hura wuta. Duk wanda ke da ɗan'uwan da zai iya zama wa wani, Eufemia ta riga ta tura shi. Ba wanda ya rage.

A wannan safiyar ƙanwar Zoila ta kira. Na ji ta sarai. Ta ce, "In kana so ka same ta tana gane mutane, ka taho yau."

Wilfrido ya fito da takalmansa a hannu. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko ashana ba, ya bi layi ƙofa ƙofa. Da ya zo wurina na ce, "Ni kaɗai ne a nawa, ka sani." Ya ce ya sani.

Eufemia ta leƙo ta taga, ta ce, "Da jikina biyu ne da na ba ka ɗaya, duk da halinka. Amma ɗaya gare ni."

Ya koma bakin ƙofarsa ya zauna. Ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya. In ya tafi, gidan da suka gina shi da Zoila, ita tana kwaɓa siminti shi yana jera bulo, zai zama ƙasa kafin rana ta faɗi. In ya zauna, ba zai ƙara ganinta ba.

Sai ga Rosemène ta biyo layin da jakarta, za ta gangara ta hau motar filin jirgi. Ta tsaya a gabansa.

"Maigida, lafiya kake zaune da takalmi ɗaya?"

Eufemia ce ta faɗa mata abin da ke faruwa daga taga.

Rosemène ta sauke jakar daga kafaɗa, ta ce, "Ina murhun yake?"

Ya ɗago kai. "Jirginki fa?"

"Jirgi yana tashi kullum. Ina murhun?"

"Na zage ki a gaban mutane."

"Na ji. Kunnena lafiyarsa ƙalau." Ta tura jakar cikin ɗaki da ƙafa. "Bari in faɗa maka abin da ka hana ni ƙarasawa ran nan. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a garinmu, a rumfar tamfol muka zauna. Aka ce za a kore mu. Aka aiko mini cewa uwata tana kwance a ƙauye tana kiran sunana. Na ce bari in tsare rumfar tukuna, tunda ba mai zama mini. Na zauna ina gadin tamfol da katako, har aka binne ta ban gan ta ba. Rumfar kuma suka zo suka kwashe. Sa ɗayan takalmin."

Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri. Ta ce, "Kada ka tsaya wannan, mota ba za ta jira ka ba."

Ya tafi. Bai ko rufe ƙofa ba.

Da rana ta take, katafila ta hau layinmu. Shugaban 'yan rusau, wani mai hular roba, ya tsaya a ƙofar Wilfrido. An riga an faɗa musu mai gidan ya gangara da safe. Ya tarar da hayaƙi yana tashi, mace tana zaune tana soya ɗanyar ayaba.

"Ina mai gidan?"

"Ya je duba matarsa."

"Ke wace ce?"

"Yayarsa."

Mutumin ya dube ta sama da ƙasa, ya yi dariya. "Yayarsa? Da wannan harshen naki?"

"Uwarmu ta yi yawo," in ji ta, tana juya ayaba.

Matan layin suka kwashe da shewa daga tagoginsu. Ransa ya ɓaci. Ya ce ta fito ko ya kira jami'an shige da fice su duba takardunta. Ta ce ya kira su, amma su zo da wuri tun ayabar tana da zafi.

Sai Eufemia ta fara buga murfin tukunya. Na gaba ta ɗauka, na gaba ta ɗauka, har tudun duka ya ɗauki ƙara. Ba wanda ya bar gidansa, amma ba wanda ya yi shiru. Ashe Valdir ma bai tafi ba. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗaga wayarsa, mutanen unguwarsu a Brazil da na wasu ƙasashe suna kallo a daidai lokacin, suna ta kiran ofishin hukuma suna tambayar dalilin da za a rushe gida da mace a ciki.

Wayar mai hular ta yi ƙara. Ya koma gefe ya daɗe yana cewa "to, ranka ya daɗe." Da ya dawo bai kalli Rosemène ba. Ya yi wa direba alama suka wuce.

Ba zan yi muku ƙarya ba, a ranar an rushe wasu gidaje a gangare, waɗanda masu su suka fita nema ba su samu mai zama ba. Amma na Wilfrido yana tsaye.

Shi kuwa ya isa ƙauyen kafin faɗuwar rana. Daga baya ya ba ni labari, sau ɗaya, bai ƙara ba. Ya ce ta rame har ya kusa kasa gane ta, amma ita ta gane shi tun daga tafiyarsa.

"Tsoho, ka zo? Wa ka bar wa gidana?"

"Yayata."

"Yaushe ka yi yaya?"

"Yau da safe."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ya zauna da ita 'yan kwanaki. Shi yake ba ta romo a baki, shi yake taje mata gashi. Ta sa ya yi ta ba ta labarin layinmu, wa ya haihu, wa ya yi faɗa da wa. A hannunsa ta cika.

A nan kuma mai hular bai manta ba. Jami'an shige da fice suka zo kamar yadda ya ce. Kwanakin da aka ba Rosemène a ƙasar sun riga sun ƙare tana zaune a gidan wani. Suka ce ta ɗauki jakarta. Ta ce ba za ta tashi daga kujerar ba sai wani ya zauna a kai. Surukar Eufemia ta zo ta zauna, sannan Rosemène ta bi su. Daga nan muka riƙa karɓa-karɓa, wutar ba ta mutu ba.

Wilfrido ya dawo bayan jana'iza. Ya tsaya a bakin ƙofa yana duba cikin ɗaki, yana neman ta.

"Sun tafi da ita, kompadre," in ji Eufemia.

"Ba ta bar mini saƙo ba?"

"Ta bari. Ta ce gishirinka ya ƙare."

Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da na tabbata bai yi ba ko a wurin binne matarsa.

Mun nemi Rosemène. Lambar da ta bari ta daina shiga. Valdir ya bincika, ya ce an sake tayar da mutanen wurin da take zaune, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya san inda ta nufa.

Yanzu in kana da asibiti ko jana'iza a Loma Brava, Wilfrido za ka fara nema. Yakan kawo ɗan yayarsa ta gaskiya ya zauna a nasa, shi kuma ya ɗauki ashana ya tafi gidan gorarka ya hura wuta, ko kwana nawa za ka yi.

Har yau baƙi suna zuwa mana daga ƙasashe. Duk ranar da suka zo, yakan sa farar rigarsa, ya jira a gama taro, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ko kun san wata Rosemène, gajera, mai sayar da gawayi?"

Ba a taɓa samun wanda ya san ta ba. Duk da haka sai ya ba da saƙon.

"In kun gamu da ita, ku ce mata na samu matata da rai. Ku ce akwai ɗaki a nan, nata ne."

Darasi: Kada ka raina wanda ya zo tsaya maka don ka ga shi ma ba shi da komai. Wanda aka taɓa rushe wa gida ya fi kowa sanin abin da kake shirin rasawa, ko daga wace ƙasa ya fito. Kuma ka zauna wa maƙwabcinka tun kafin ranar da za ka bi ƙofa ƙofa. Ku tura wa wasu su karanta, musamman waɗanda suke ganin bulonsu ya ishe su.