Ɗan Ragon da Ya Mutu a Bakin Komi

Akwai wani makiyayi da aka ba amanar tumaki tamanin. Ba malalaci ba ne, kada mu ɗauki alhakinsa. Kullum da rana tsaka yakan kai su rijiya, ya ja guga har komi ya cika, sa'an nan ya buga sanda a jikin komin. Da jin ƙarar sai tumakin su rugo, suna kuka suna ture juna. Suna ɗaga kai kuma sai ya kora su daji.

A cikin garken akwai wani ɗan rago da ba ya iya jure wannan hayaniya. Da an buga sandar sai ya koma gefe ya cusa kai ƙarƙashin uwarsa. Sai wuri ya yi tsit yake iya matsowa, amma kafin nan an kora garke. Uwar takan tsaya tare da shi, ita ma ba ta samun sha sosai, ga dukan da take sha don ta makara.

Matar makiyayin ta ce, "Maigida, ka zuba masa a kasko can gefe mana."

Ya ce, "In na yi wa ɗaya, sai na yi wa tamanin. Ga ruwa nan. In ƙishi ya ishe shi zai sha."

Rani ya tsananta, nonon uwar ya ƙafe. Wata rana ɗan ragon ya kwanta taku uku daga komi cike da ruwa, bai ƙara tashi ba.

Mai tumakin ya zo ya ce, "Ka shayar da shi?"

Makiyayin ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa hana shi ba."

Mai tumakin ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ma'anar wannan misali ita ce: komin nan ajinmu ne, na makarantar boko da na ranar Lahadi a coci. Ɗan ragon shi ne yaron da Allah ya yi masa kwanya dabam, wanda ke toshe kunne in aji ya ɗauki surutu, ko ya kasa zama a benci, ko haruffa su riƙa cakuɗe masa. Tunkiyar ita ce uwar yaron, wadda muke cewa ba ta iya tarbiyya ba. Mu ne makiyayin. Mun buɗe ƙofa, muka ɗauka mun gama aiki.

Wannan abu yana ci mini rai. Kun san Rahila, wadda a da take tsayawa da ɗanta Irmiya a bayan tagar aji. Ta roƙa a bar shi ya zauna kusa da ƙofa, ya riƙa fita in ƙara ta yi masa yawa. Aka ce sauran yara za su yi koyi da shi. Shekara biyu ke nan ba su zo ba, ba kuwa wanda ya taka ya je gidansu. Irmiya ya cika shekara goma sha ɗaya, bai iya rubuta sunansa ba. Malamin da ya ba uwarsa amsar nan, ni ne.