Nomau Mai Kwashe Ramin Maiƙo

An yi wani mutum a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, ana ce masa Nomau. Bawan Allah ne mara yawan magana. Aikinsa kwashe ramin maiƙo a gidan abincin wata mata, Hajiya Kubura.

Ku da kuke cin shinkafa da miya a gaban gida, ba ku san bayan gida ba. A bayan kowane babban kicin akwai rami mai murfi, inda ruwan wanke-wanke yake tsayawa kafin ya wuce kwata. Nan kitse da mai suke tasowa su daskare. In ba a kwashe ba, su bi kwata. Nomau yakan ɗaga murfin, ya kwashe da bokiti, ya kankare bango da shebur, ya tura baro har bayan gari ya binne. Wari kuwa, ko ya yi wanka da sabulu, a sahun masallaci sai ka ga na kusa da shi yana matsawa.

To, ku saurara. Wata rana Hajiya ta kira shi.

"Nomau, duk ranar da ka buɗe ramin nan masu cin abinci guduwa suke yi. Ka bar kwashewar. Ka tafasa ruwa da soda ka zuba, ya wuce, kamar yadda kowa ke yi."

"Hajiya, a nan zai narke, amma a kwalbatin gangare zai sake daskarewa. Damina ta kusa, kuma gidajen can na ƙasa ne."

"Na sani. Kwalbatin a gidana yake?"

Kun ji ko? Ta sani. Kada wani ya ce muku jahilci ne.

Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, hannuna ba zai iya ba."

Ta sallame shi, ta ɗauki wanda hannunsa zai iya.

Shi ma a gangaren yake zaune, gidansa ne na ƙarshe kafin kwalbatin. Matarsa Lantana ta ce, "Malam, ka ƙi zubawa, an zuba. Me ka tsare mana ban da yunwa?" Ya ɗauki shebur ya shiga kwalbatin yana kankara shi kaɗai. Maƙwabta na wucewa suna toshe hanci. Wani ya leƙo ya ce, "Nomau, an kore ka daga rami ka samo babba?" Aka yi dariya. Ba wanda ya kama masa baro. Yana kwashewa daga ƙasa, ana turowa daga sama, maiƙon ya haɗu da leda da yashi ya zama kamar dutse.

Ruwa ya sauko da hantsi, irin mai ƙarfin nan. Kwalbati ya ƙi karɓa. Ruwan ya juyo cikin unguwa, baƙi, da kumfar mai a samansa. Katangar Nomau ce ta fara zaunawa, ɗakinsa ya bi ta, sannan na maƙwabta.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce ya tsinci tulun zinariya a cikin laka, ko Hajiya ta zo tana kuka. Haka aka saba ba mu labari don mu tashi da zuciya fara. Ni dai tsufana ya kai nan ban ga haka ba.

Hajiya ta zo, gaskiya ne. Ta zo da kuloli cike da shinkafa, ta raba wa waɗanda ruwa ya ci. Aka yi ta sa mata albarka, aka ɗaga hannu aka yi mata addu'a. Wani dattijo ya dubi Nomau ya ce, "Kai kuma da kullum kana cikin kwalbatin, me kake yi?"

Aka miƙo masa kwano. Lantana ta ce, "Wallahi kada ka ci."

Ya ce, "Abincin bai yi laifi ba." Ya karɓa ya ajiye gaban 'ya'yansa, ya ɗauki shebur ya koma.

Allah zai saka wa Nomau, ban taɓa shakka ba. Abin da nake shakka shi ne yadda muke saurin faɗar haka. "Ladansa yana wurin Allah," sai mu kaɗe zani mu tashi, kamar an sauke mana nauyi. Ba a sauke ba. Wanda ya ciyar da mu bayan ya rushe mana ɗaki muna yi masa addu'a da babbar murya, wanda ya yi ƙoƙarin tsare ɗakin muna matsa masa a sahu.

Kowannenku yana da kwata, a gida ko a shago ko a ofis. Yau in kun koma, ku bi ta da ƙafa ku ga ƙofar wa take ƙarewa. In kuma kun tarar da mutum a can ƙasa da shebur, kada ku tsaya yi masa albishir da Aljanna kuna toshe hanci. Ku kama masa baron.