Baƙon Da Ya Tsare Tukwanen Shuni

Akwai wani mutumin Osaka mai suna Kuwabara, wanda ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙa jirgin ƙasa. Shekarar da ya yi ritaya matarsa ta rasu. 'Yarsa tilo tana aure a Sapporo, sai a yi wata uku bai ji muryarta ba.

Da gidan ya yi masa girma, sai ya rataya jaka ya shiga yawo. Yau yana wajen maginan tukwane, gobe wajen masu yin takarda da hannu. Hotunan da ya ɗauka sun fi dubu, amma babu wanda zai nuna wa.

Da kaka ya sauka wani ƙauye a Tokushima, wajen wani tsohon marini mai suna Tokuji. Niyyarsa ya yi awa ɗaya, ya bi motar ƙarfe uku.

Ya tarar da tsohon yana juya shuni da doguwar sanda, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

"Sannu da aiki, Baba. In ɗauki hoto?"

"Ɗauki, ɗan birni. Nan da kwana goma gawa za ka tarar."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Ba ni ba, su." Ya nuna manyan tukwane huɗu da ke binne a ƙasa. "Gobe za a kwantar da ni a asibiti, a yi mini aiki. Shuni rai gare shi, in ba a juya shi kullum ba mutuwa yake. Na kira ɗana a Nagoya, wai ofis ba za su bar shi ba."

Kuwabara ya ajiye jakarsa.

"Nuna mini yadda ake yi."

Tokuji ya kalle shi sama da ƙasa. "Da waɗannan hannayen masu laushi kamar na jariri?"

"Hannayen nan ba su taɓa makarar da jirgi ba, Baba."

Motar ƙarfe uku ta wuce ba tare da shi ba.

Kwana goma ya yi shi kaɗai a marinar. Wari ya hana shi cin abinci kwana biyun farko, hannayensa suka rine har gwiwa. Babu mai shigowa. Sai ya tsinci kansa yana yi wa tukwanen hira, yana ba su labarin matarsa.

Rana ta shida kumfar tukunya ta huɗu ta baje, ruwan ya koma launin ƙasa. Ya juya, ya juya, a banza. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izar matarsa.

Da Tokuji ya dawo yana dogara sanda, bai ko zauna ba. Ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, yana tsoma yatsa yana ɗanɗanawa. A ta huɗu ya tsaya.

Kuwabara ya sunkuya. "Na kashe ta, Baba. Ka yafe mini."

"Wannan? Tsohuwa ce, tun bazara take jan ƙafa. Uku ka ceto." Ya yi tari. "Juyinka dai kamar mai dukan ɓarawo, amma za ka gyaru. Ɗakin ɗana yana nan, shekara ashirin ba kowa a ciki. Sai dai in akwai mai jiranka a Osaka."

"Babu, Baba."

"To me kake tsaye? Je ka ɗora shinkafa. Ta mutum biyu."

Darasi: Wani lokaci wanda ka tsaya ka taimaka shi ne zai fitar da kai daga naka kaɗaicin. Kada ka wuce mai buƙata don kana sauri. Ku tura labarin nan ga wanda kuka san yana zaune shi kaɗai, sannan ku kira shi ku ji muryarsa.