Ruwan Randar Maman Ukasha

Akwai wata mata a unguwar Majidaɗi cikin Jalingo, sunanta Hajaratu, maƙwabta suna ce mata Maman Ukasha. Lokacin ba a daɗe da yanke jihar Taraba daga Gongola ba, ma'aikata sun kwaso kayansu daga Yola sun dawo. Mijinta Malam Hambali, malamin gona, yana cikinsu.

In kuna neman mace mai tsafta, to kun zo gidan. Kwanukanta kana iya duba fuskarka a ciki. Kajin unguwa ma sun san iyakarsu. Aibinta ɗaya ne: ta san tana da tsafta, kuma ba ta yarda wani ya fi ta sani ba.

Sai ciwon huhu ya kama Malam Hambali, irin wanda yake lafawa amma ba ya tafiya. Tari, kaki, numfashi sama-sama. Ɗansu Ukasha ya aiko da na'urar shaƙar magani daga Kaduna. A zuba magani a ɗan kofin roba, a kunna, ya zama tururi, Malam ya zuƙa ta wani bakin roba.

Likita ya ja kunne: kullum a wanke kofin da bakin robar da sabulu, sannan a tafasa su. Ya ce ƙwayar cutar tana son danshi, in ta samu wurin zama a kofin, kai tsaye za ta koma huhu.

Hajaratu ta ce a ranta, "Yau ni za a koya wa wanki?"

Gaskiya ba ta yi wasa ba. Kullum tana tafasawa. Amma tana tsoron kada zafi ya lanƙwasa robar, don a Jalingo ba inda za a samu wata. Saboda haka da ta tsame, sai ta jefa su cikin kwano, ta kwara musu ruwan randa mai sanyi. Sannan ta goge su tas da tawul, don a gidanta ba a ajiye kaya da jiƙa.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Dokas, Maman Joy, wadda ke shara da goge-goge a asibiti. Wata safiya Dokas ta shigo gaida Malam da lemo a leda, ta tarar da Hajaratu tana wannan aiki. Ta tsaya tana kallo, ta rasa ta inda za ta fara.

"Maman Ukasha, ka yi haƙuri fa," ta ce da irin Hausarta. "Wannan abu, in ka dafa shi ka sake sa shi a ruwan randa, kaman ba ka dafa ba ne. Tawul ɗin ma yana ɗauke da ciwo."

Hajaratu ta ɗago. "Randata ce ke da datti, Maman Joy? Ko tawul ɗina?"

"Ba datti na ido ba. A wurin aiki ina gani yadda sista, masu jinya, suna yi."

"To, na gode. Ke dai ki ji da tsintsiyarki, ki bar wa likitoci aikinsu."

Maganar ta yi wa Dokas ciwo, har idonta ya kawo ruwa. Ta ajiye lemon, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita. Jama'a, girman kai rawanin tsiya ne.

Da damina ta kankama, zazzaɓi ya kwantar da Malam Hambali. Tarin ya dawo fiye da na da, har ba ya iya haɗa kalma uku bai tsaya ba. Aka kwantar da shi a asibiti. Likita ya ce cutar ta sake tashi, kuma magani ɗaya ya rage musu da za su gwada. In ta ƙara dawowa, sai dai addu'a.

Kwana tara suka yi. Kullum da safe, kafin Dokas ta ɗauki bokiti, sai ta kawo wa Hajaratu kunu a fulas, ta leƙa Malam, ta wuce. Ko sau ɗaya ba ta ce "ai na faɗa miki" ba. Wannan shirun shi ya karya zuciyar Hajaratu.

Ranar da za a sallame su, ta tare Dokas a baranda, ta riƙe mata hannu, hawaye na zuba.

"Maman Joy, ni na mayar masa da ciwon nan da hannuna. Ki yafe mini, ki koya mini."

"Haba, kar ka yi kuka. Ba mugunta ka yi ba, so ne ya yi yawa. Gobe zan zo."

Ta zo kuwa, da sabuwar ƙaramar tukunya mai murfi, ta ce ba za a dafa komai a cikinta ba sai kayan Malam. Suka wanke hannu. Suka wanke kofin da bakin robar, suka tafasa su minti goma tare da cokalin da za a tsame su da shi. Dokas ta shimfiɗa farin ƙyalle da aka yi wa guga, ta jera su a kai.

Hajaratu na ganin ɗigon ruwa a jikin kofin, hannunta ya nufi tawul da kansa. Dokas ta cafke hannun tana dariya.

"Bar shi! Iska zai yi aikinsa."

Haka suka zauna, hannu cikin hannu, suna kallon kofi yana bushewa. Robar kuwa ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Wata huɗu Hajaratu ba ta tsallake rana ɗaya ba. Da suka koma asibiti, likita ya daɗe yana sauraron ƙirjin Malam, sannan ya yi murmushi.

"Ƙirji ya washe. Hajiya, aikinki ya yi kyau."

"Likita, dakata," in ji Hajaratu. Ta fita baranda, ta jawo Dokas da rigar aikinta, hannunta duk kumfa. "Ga wadda za ka yaba wa. Ni ɗalibarta ce."

Kunya ta kama Dokas, ta sunkuyar da kai. Malam Hambali ya miƙe tsaye, ya fara sa mata albarka, ita da 'ya'yanta da jikokin da ba a haifa ba. Ya yi ta jero addu'a, doguwa, bai tsaya ba.

Hajaratu ta rufe baki da gyale ta fashe da kuka. Sai a lokacin Dokas ta gane dalili: tun da Malam ya fara, bai yi tari ko sau ɗaya ba.

Darasi: Kada ka raina mai faɗa maka gaskiya saboda aikinsa ko matsayinsa, don wata rana ran wanda kake ƙauna yana cikin maganarsa. In kuna da mai shaƙar magani a gida, ku bi umarnin likita wajen wanke kayan, kada ku ɗauraye abin da aka tafasa da ɗanyen ruwa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai jinya da ke buƙatar ji yau.