Telan da Ke Sa 'Yarsa Ta Sake Kuka

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, tela ne, kuma ba mugu ba ne. Ku riƙe wannan, kada wani ya ce ba da shi ake ba. Ɗan shago ne da shi a bakin titi, da keken ɗinki, da madubi mai tsaga a gefe. 'Yarsa guda ce, yana kiran ta Mamana, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Da farko riguna yake talla. Ya ɗinka mata, ta juya a gaban madubi, ya ɗauki bidiyonta da waya ya ɗora a shafinsa na intanet. Wata rana haƙorinta ya fita, ta fashe da kuka tana roƙon ya ɗinke mata shi da keke. Ya ɗora. Duniya ta sha dariya, aka laƙaba mata 'Yar Giɓi. Mabiya suka yi ta ƙaruwa, masu talla suka fara sallama, keken ɗinki ya fara tara ƙura.

Nan ya gane kukanta ya fi dariyarta kasuwa. In ta yi tuntuɓe, waya ce ke riga hannunsa isa gare ta. Ranar da ta yi fitsarin kwance, ya ɗora. Ranar da ta faɗi jarabawa, ya ɗora. In kuwa abin ya faru waya na caji, sai ya ce, "Mamana, ɗan sake mana, ban kama ba." Ita kuma ta sake, don tana son babanta.

Matarsa ta ce, "Maigida, yarinyar nan fa girma take yi."

Ya ce, "Tare da mabiyanta take girma. Ke dai zamani ya bar ki a tasha."

Wane zamani? A makaranta yara na kwaikwayon kukanta. Ƙatti a kan hanya, waɗanda ba ta taɓa gani ba, sun san launin labulen ɗakinta. Wa ya tambaye ta ko ta yarda? Mu kuma da muke zaune muna girgiza kai, ba mu ne muka danna, muka tura, muka ce a ƙaro ba?

Sai yarinya ta koyi dabara. In kuka ya zo mata, ta shiga banɗaki ta buɗe famfo. In wani wuri na mata ciwo, ta yi murmushi.

Haka ta yi da ciwon ciki ya kama ta. Ta daure, ta ci gaba da daurewa, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a shago, cikin ƙyallaye. A asibiti likita ya ce ɗan hanjin nan da ake kira afendis ne ya kumbura har ya fashe. Ya dubi uban ya ce, "Wannan ciwon ko babba ihu yake yi. Yaya aka yi ba ta faɗa ba?"

Amsar ta zo da yarinyar ta farfaɗo bayan tiyata. Ta gan shi tsaye a kanta hannu babu waya, sai ta ce a hankali, "Baba, tana caji ne? Don Allah kada ka ce in sake. Wannan ba zan iya ba."

A ranar ya goge shafin. Amma in magana zarar bunu ce, ina ga hoto? Tuni wasu sun kwafe, har yau yana yawo.

Yarinyar ta rayu. Tana gaishe shi da ladabi, amma da ya kai hannu aljihu sai ta bar ɗakin. Ya koma kan kekensa yana ɗinka mata riguna. Ta karɓa, ta ce ta gode, ta ninke. Ba ta ƙara tsayawa gaban madubin nan ba.

Ya 'yan uwa, ɗa amana ne, kuma za a tambaye mu. Yaron da ke ɓoye wa ubansa ciwo, maraya ne da uba a raye. Yau in ɗanka ya faɗi, ajiye wayar ka ɗauke shi.

Allah ya kiyaye mu da tallan hawayen 'ya'yanmu, ya sa mu zama sutura a gare su, ya sanyaya zuciyar wannan tela da ta 'yarsa. Amin.